Hannun Da Ke Tsaron Bakin Kateta

Injin wankin ƙoda shi ne mai tsada, kuma a gefensa manya ke tsayawa a ɗauke su hoto ranar buɗe sabon sashe a asibiti. Amma aikin da ke raba mai ciwon ƙoda da mutuwar gaggawa, sau da yawa a kan wani ɗan murfin roba ake yin sa, wanda bai kai kan ɗan yatsa girma ba. Nas ce ke yin aikin, cikin daƙiƙu kaɗan, ba tare da kowa a ɗakin ya lura ba. In ta yi shi daidai babu abin da zai faru, kuma wannan rashin faruwar komai shi ne ladan ƙwarewarta.

Kafin inji ya tace jini yadda ya kamata, sai ya riƙa jan mililita 300 zuwa 400 a kowane minti, na tsawon awa huɗu. Ƙananan jijiyoyin bayan hannu da ake sa wa ƙarin ruwa ba za su iya bayar da haka ba. Tun 1945, lokacin da Willem Kolff ya fara ceto rai da injinsa a garin Kampen na ƙasar Holan, babbar matsalar ita ce ta ina za a riƙa shiga jijiya yau da gobe ba tare da an ƙarar da jijiyoyin mutum ba. A 1960 Belding Scribner da Wayne Quinton a Siyatil ta Amurka suka ƙera wani ɗan bututu da ke zama a hannun majiyyaci, wanda ya sa wankin ƙoda na shekaru ya yiwu. A 1961 Stanley Shaldon a Landan ya fara zura bututu ta jijiyar gindin cinya. A 1966 kuma Michael Brescia da James Cimino da likitan tiyata Kenneth Appell a birnin Niyok suka fito da fistula, wato a ɗinke jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, a ƙarƙashin fatar hannu, har ta biyun ta yi kauri ta iya ɗaukar allura. Fistula ba ta da wani baƙon abu da ke leƙowa waje, shi ya sa har gobe ita ce hanya mafi aminci.

Sai dai fistula tana buƙatar mako shida zuwa wasu watanni kafin ta nuna, shi kuwa wanda aka kawo a galabaice, huhu cike da ruwa, ba zai jira ba. Nan kateta ke shigowa. Bututu ce mai hanya biyu a ciki, ɗaya mai jan murfi da ke kai jini ga inji, ɗaya mai shuɗi da ke dawo da shi. An fi son a sa ta a babbar jijiyar wuya ta dama, bakinta na ciki ya sauka har ɗakin sama na dama na zuciya. Wadda aka yi don ta daɗe, wadda ta yaɗu daga ƙarshen shekarun 1980, ana bi da ita ta ƙarƙashin fata ta fito a ƙirji, kuma tana da ɗan zoben zare mai laushi da nama ke kamawa cikin 'yan makonni, ya riƙe ta, ya kuma tare wa ƙwayoyin cuta hanya. Ko a Amurka, kimanin kashi 80 cikin 100 na masu fara wankin ƙoda da kateta suke farawa.

Ga lissafin da ya sa aikin nas ya zama abin da ya zama. Mai wanki sau uku a mako zai zauna gefen inji sau 156 a shekara. Kateta baki biyu gare ta, kuma kowanne ana buɗe shi lokacin haɗawa da lokacin cirewa. Sau 624 ke nan a shekara, ban da ranar da jini ya ƙi gudu aka tsaya gyara. A kowace buɗewa, tsakanin iskar ɗaki da cikin zuciyar mutum babu komai sai bututun da bai wuce kamu ɗaya da ɗoriya ba.

Yadda cutar ke shiga

Hanya biyu ƙwayoyin cuta ke bi. Ko dai su gangaro daga fata ta bayan bututun, daga inda ya fito, ko kuma su shiga ta bakin da ake buɗewa su bi ta ciki. A katetar da ta daɗe, ta bakin aka fi shiga. Babbar mai laifi ita ce bakteriyar Staphylococcus aureus, wadda ke zaune lafiya lau a hancin kusan mutum ɗaya cikin uku ba ta sa shi ko atishawa. Da ta sami roba sai ta manne, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi, kamar gansakukar da ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba: ko an zubar da ruwan an zuba sabo, tana nan a jikin bango. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana kashe waɗanda ke yawo cikin jini, amma da ƙyar yake ratsa yauƙin nan. Da an kunna inji jini ya taho da ƙarfi, sai ya ɓamɓaro su ya watsa cikin jiki. Daga nan suna iya zama a marufan cikin zuciya su ci su, ko su tara mugunya a ƙashin baya, ko a gaɓoɓi.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa a 2008 an sami shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ta kateta har kimanin 37,000 a tsakanin masu wankin ƙoda na ƙasar. A rahotonta na 2023 ta ce daga 2017 zuwa 2020, mai wankin ƙoda ya ninka wanda ba ya yi sau 100 wajen haɗarin shigar bakteriyar Staphylococcus aureus cikin jini, kuma masu kateta su ne a sahun gaba.

Haɗawa

Ƙwararriyar nas tana gama rabin aikin tun kafin ta taɓa majiyyaci. Sirinji, ruwan gishiri, auduga mai magani, sababbin murafai, duk ta jera su a kan faranti mai tsabta bisa tsarin da za ta ɗauka, don kada a tsakiyar aiki hannunta ya koma cikin aljihu ko durowa. Ta sa takunkumi, ta sa wa majiyyaci nasa. "Baba, juya fuskarka wajen bango, mu bar hirar sai na gama." Ba rashin ladabi ba ne. Hancinsa da bakinsa su ne mafi kusa da katetar, kuma daga nan abokiyar gaba ke fitowa. In fanka na kaɗawa kai tsaye a kan gadon, sai ta kawar da ita. Sannan ta wanke hannu, ta sa sabuwar safar hannu, ta shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a ƙarƙashin bakunan biyu.

Kafin murfi ya motsa, idonta na kan ɗan makullin robar da ke datse kowane reshe na katetar. In yana buɗe aka cire murfi, ko jini ya tsiyayo, ko kuma majiyyaci ya ja numfashi iska ta zuƙu ta tafi zuciya, wanda kan iya kashewa nan take. Ta tabbatar a datse yake, ta cire murfin reshe ɗaya kawai, ta jefar da shi, domin murfin da aka cire ba ya komawa.

Sai gogewa. Tana ɗaukar sabuwar auduga mai kulorhegzidin da aka haɗa da alkohol, ko alkohol mai ƙarfin kashi 70, ta naɗe bakin katetar, ta murza da ƙarfi. Ba shafawa take yi ba, gurzawa take yi, gefe da gefe da ƙarshen, har cikin tsagogin da murfi ke murɗawa a kai, inda busasshen jini ke maƙalewa ya zama abincin ƙwayoyin cuta. A wurare da yawa ana koyar da daƙiƙa 15. Wanda bai taɓa ƙirga 15 yana murza abu ba, alhali majiyyata uku na jira, wani inji na kuka a kusurwa, ba zai san tsawonsu ba.

Abin da ya fi gogewar wuya shi ne jira. Maganin yana gama kisa ne yayin da yake bushewa, don haka sai an bar shi ya bushe da kansa. Ba a hura masa baki, ba a yi masa fifita, ba a share shi. Duk wannan lokaci reshen na riƙe a tsakanin yatsunta, bakinsa a iska, bai taɓa rigar majiyyaci ba, bai taɓa ƙyallen ba, bai taɓa safar hannunta ba. In ya kuskure ya taɓa wani abu, ba ta duba ko wani ya gani. Sabuwar auduga take ɗauka ta faro daga farko.

Da ya bushe sai ta murɗa sirinji, ta buɗe makulli, ta zuƙo ruwan maganin hana daskarewar jini da aka bari a ciki tun wankin baya, ta zubar. In ta tura shi ciki maimakon ta zuƙo, ta aika wa jiki magani mai sa zubar jini tare da duk abin da ya taru a bututun kwana biyu. Sannan ta tura ruwan gishiri, kuma a nan babban yatsanta ke karanta katetar: ko tana karɓa sumul, ko tana turjewa alamar gudan jini ko lanƙwasa. Sai ta gama da reshe ɗaya, bakinsa a toshe da sirinji, sannan ta koma na biyu da sabuwar auduga.

A tsakiyar wanki inji kan yi ƙara. Hannu kan so ya miƙa ya danna allon ya dawo kan bututu. Allon nan kuwa hannu nawa ya taɓa shi tun safe? Nas da ta san aikinta tana raba duniyar ɗakin gida biyu a ranta, abin da ke da tsabta da wanda ba shi da ita, kuma duk lokacin da ta tsallaka sai ta cire safa, ta tsabtace hannu, ta sa wata. A yini ɗaya tana iya yin haka sau gommai, har fatar hannunta ta bushe ta tsattsage.

Rufewa ma haka take, a juye. A mayar da jini, a datse, a cire, a sake gurza kowane baki, a jira, a wanke cikin da ruwan gishiri, sannan a cika shi da maganin hana daskarewar jini, hefarin ko sitiret, daidai adadin da aka rubuta a jikin reshen, wanda yawanci bai wuce mililita biyu da 'yan kai ba. In ya gaza, ƙarshen bututun zai toshe. In ya yi yawa, rarar za ta shiga jini. Sai sabon murfi.

Ido da hanci

Wurin da kateta ta fito daga fata yana da nasa karatun. Kowane zama sai an duba shi. Nas tana ɗaga filasta a hankali da yatsu, almakashi ba ya kusantar wurin, domin tsaga ɗaya a jikin robar ta isa. Tana neman ja, kumburi, danshi, wari. Tana bin hanyar bututun a ƙarƙashin fata da yatsa, ta ga ko majiyyaci zai yamutsa fuska, ko ɗigon mugunya zai fito. Tana duba ko zoben zaren nan ya fara leƙowa, alamar katetar ta zamo kuma kariyarta ta tafi. Ta goge fatar, ta bari ta bushe, ta shafa man aidin ko wani man kashe ƙwayoyin cuta, ta rufe. Ko zaɓen man ma ilimi ne, domin wasu mayukan suna cin robar wasu katetoci har ta tsage.

Sai kuma karatun mutumin kansa. Babbar alamar ita ce rawar ɗari da ke kama majiyyaci bayan an kunna inji da ɗan lokaci, haƙora na haɗuwa, yana neman bargo a ɗakin da kowa ke gumi. Tsofaffi da masu ciwon suga wani lokaci ko zazzaɓi ba sa yi, sai dai a ga awon jininsu ya faɗi, ko magana ta fara rikicewa. A ƙasashenmu akwai tarko na musamman a nan. "Hajiya, sanyi kike ji?" "Zazzaɓin damina ne kawai, Sista, na ma sha magani." Tana iya yiwuwa maleriya ce, kuma za a gwada. Amma a wurin ƙwararriyar nas, mai kateta da ke karkarwa ana ɗauka katetar ce har sai gwaji ya wanke ta, kuma samun maleriya a jini bai hana a ce cuta biyu ce ta haɗu.

Abin da take yi a mintunan nan shi ke tsara makonnin da ke tafe. Ta sanar da likita, ta ɗebi jini kashi biyu a kwalaben da ake rainon ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, kafin digo ɗaya na magani ya shiga jiki, domin in magani ya riga, kwalbar kan fito fayau a rasa sanin wa ake yaƙa. Sannan a fara da magunguna masu faɗin kamu, galibi bankomaisin tare da seftazidim ko jentamaisin, a sauya idan sakamako ya fito. In Staphylococcus aureus ce, ko Pseudomonas, ko naman gwarin Candida, ko kuma mugunya ta kama hanyar bututun, ƙa'ida ita ce a zare katetar. Majiyyaci da danginsa kan roƙa a bar ta, saboda sun san kuɗin sabuwa. Bayyana musu dalili ba tare da tsoratarwa ko rainawa ba, shi ma yana cikin aikin.

Shaidar cewa yana aiki

Babu wani mataki a cikin waɗannan da ya gagari ɗalibar shekarar farko. Wuyar tana wajen maimaitawa. Sabo turken wawa ne, kuma wanda ya tsallake gogewa sau hamsin bai ga komai ba, zai fara ɗauka gogewar al'ada ce kawai. Cutar ba ta bayyana sai bayan kwanaki, a lokacin ba mai iya cewa hannun wa ne.

Likita Peter Pronovost na Jami'ar Johns Hopkins ya nuna abin da tsari ke iya yi. A ɗakunan kulawa ta musamman 103 na jihar Mishigan, ya sa aka bi jerin matakai biyar wajen sa kateta: wanke hannu, rufe jiki gaba ɗaya da kaya masu tsabta, goge fata da kulorhegzidin, guje wa gindin cinya, da zare duk katetar da amfaninta ya ƙare. An kuma ba nas ikon dakatar da likita in ya tsallake mataki. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna cutar ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku, kuma ragin ya ɗore wata 18. A 2009 CDC ta kai irin wannan tunani cibiyoyin wankin ƙoda. A cibiyoyi 17 da aka bibiya, shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ta ragu da kashi 32 cikin 100, wadda ta shafi hanyar shiga jijiya kuwa ta ragu da kashi 54. Daga cikin abin da suka ƙara akwai ƙirga kowace cuta duk wata a nuna wa ma'aikata, da kuma nas ta tsaya da takarda tana kallon 'yar'uwarta tana haɗawa.

Sababbin kayan aiki na ta fitowa. Akwai murafai masu ɗan tsinke mai magani a ciki, kuma a Nuwamban 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ruwan cika kateta mai taurolidin da hefarin, wanda a gwaji ya rage cutar da kashi 71 cikin 100. Suna da amfani, suna kuma da tsada, kuma duk an gwada su ne a kan katetar da ake gogewa.

A gida, da kuma bayan kateta

A Najeriya an fara wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981, yau kuma ana yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Yawancin majiyyata a makare suke zuwa, kuma daga aljihu ake biya. Shi ya sa ake yawan amfani da katetar wucin gadi marar zobe, sau da yawa a gindin cinya, wurin gumi da ɗumi. An yi ta ne don kwanaki ƙalilan, amma rashin kuɗi kan sa ta wuce wa'adinta. Nas a irin wannan wuri tana aiki da mafi haɗarin kateta da mafi ƙarancin kaya.

Kuma awa 12 kacal take tare da majiyyaci a mako, in ma yana samun zama uku. Sauran lokacin yana hannun kansa da na iyalinsa, don haka dole ta zama malama. Filasta ba ta jiƙewa: a yi wanka da tsumma ko a zuba ruwa daga ƙasa da wurin, babu shiga kogi ko kwararo ruwa daga ka. Mai damuwa da wankan ibada ana tuna masa cewa fiƙihu ya san shafa a kan ɗaurin rauni, ya kuma san taimama. In zafi ya sa filasta ta ɓalle, a dawo asibiti, kada a liƙa da abin da aka samu a gida. Babu sosawa, babu man shafawa, babu garin magani. Kuma ko an kwantar da shi a wani ɗaki an rasa jijiyar ƙarin ruwa, kada ya yarda wanda ba na sashen ƙoda ba ya buɗe murfin nan.

Nas ɗin da ta fi kowa iya riƙe kateta ita ce ta fi kowa matsa wa a rabu da ita. Tun makon farko take tambaya ko an ga likitan tiyata. Tana hana a soki jijiyoyin hannun da aka ware wa fistula, yawanci wanda mutum bai fi aiki da shi ba, ko a ɗaura masa abin awon jini. Bayan tiyata tana ɗora yatsu ta ji ɗan kaɗawar da ke nuna jini na gudu, ta koya wa majiyyaci ya riƙa ji da kansa kowace safiya. Mutane da yawa na tsoron manyan allurai biyu a kowane zama, sun gwammace katetar da ba ta da zafi. Sai ta zauna ta yi musu lissafin buɗewa ɗari shida da ɗoriya. Akwai kuma waɗanda jijiyoyinsu suka ƙare ko zuciyarsu ba za ta ɗauki fistula ba, waɗanda za su rayu da kateta shekaru. Su rayuwarsu kacokan tana kan ingancin hannun da ke buɗe su.

Mai jinyar ɗan'uwansa yana da abin yi a nan. Ya kalli ko an tsabtace hannu, ko murfin sabo ne, ko an jira maganin ya bushe, ya kuma tambayi ranar da za a yi maganar fistula. A al'adarmu tambayar ma'aikacin asibiti kan yi nauyi a baki, ana tsoron kada a ce an raina shi. A sashen da ake aiki da gaske, nas ɗin ce da kanta ke cewa majiyyaci, "Malam, in ka ga na manta, ka tsayar da ni." Ta san cewa a cikin ɗakin nan kaf, shi kaɗai ne ke halartar kowace buɗewa.